Malam Haliru, Bakaniken Da Ya Hana Mu Zuba Mai Mai Kauri

Yawancinmu mun taso da fahimtar cewa idan mota ta fara shan baƙin mai, maganinta a ɗura mata wanda ya fi kauri. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Mutumin da ya raba ni da wannan kuskure, Malam Haliru bakanike na unguwar Damba a Gusau, Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 8 ga Afrilu, 2025, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Haliru, ni malamin kimiyya ne, amma a garejinka na koma ɗalibi. Makarantarmu ta al'umma da ke Wonaka bas ɗaya gare ta, ita ke kai ɗalibanmu Gusau rubuta jarrabawar kammala sakandare. Bara, ana saura kwana goma a fara, bas ɗin ta riƙa shanye baƙin mai kamar ana zuba shi a rairayi. Idan injin ya buga, yara goma sha takwas ba su da hanyar isa zauren jarrabawa a kan lokaci.

Da muka kai ta garejinka, direbanmu, Malam Mu'azu, ya riga ya sayo galan na mai mai kauri. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya nuna maka yadda man ke danƙo, yana murna. Haka direbobinmu ke gwada mai: wanda bai kama yatsa ba, ruwa ne. Ka dube shi ka ce, "Mu'azu, kunu za ka dama ko inji za ka tayar?" Ya ce ai tun zamanin ubangidansa haka ake yi. Ka ce, "Ubangidanka tsohuwar roka ya tuƙa. Wannan injin hanyoyin mansa ba su kai tsinken tsintsiya ba."

Sai ka sa na lalubo littafin motar. Ka ɗora yatsanka a kan 5W-30, ka bayyana mana cewa lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da safe inji na sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗauki zafi. Mai mai kauri yakan ɓoye ciwon na ɗan lokaci, amma kafin ya hau sama da safe ƙarfe ya ci ƙarfe. Ba ka ce mai kauri ba shi da amfani ba. Cewa ka yi kowane inji da nasa, kuma waɗanda suka ƙera shi sun rubuta.

Ba ka yarda an sauke injin ba, alhali aikin da ya fi kawo maka riba ke nan. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, ka ce mu je mu yi azahar. Muka dawo muka tarar da ɗigo uku. Ashe rabin man ba ƙonewa yake ba, yoyo yake ta wata roba da ta bushe. Ka canza ta, ka yi juye da man da ya dace. Yaranmu ba su makara ko sau ɗaya ba.

Na san ba mu kaɗai ba ne. A wajen jana'izarka na ga direbobin Tsafe da na Bungudu, kowa da labarin injin da ka ceto masa.

Yanzu jarrabawar bana saura mako uku, ba ka nan, kuma tuni wani ya ba mu shawarar mu koma wa mai kauri don a huta. Ba za mu koma ba. Ni da Malam Mu'azu mun zauna mun yanke: kowace Asabar da safe ajin ƙarshe, maza da mata, za su kewaye bas ɗin, su zaro ma'aunin mai, su karanta da kansu. Shi Mu'azun ne ma zai koyar.

Kai ma mai karatu, gobe kafin ka tayar da motarka, tsayar da ita a wuri mai lebur. Zaro ma'aunin, goge shi, mayar, sake zarowa, ka ga inda man ya tsaya. Bayan mako guda ka sake. Sannan ka duba lambar da aka rubuta wa injinka, ka gwada ta da ta galan ɗin da kake saya. Idan ka amfana, ka sa Malam Haliru a addu'a.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koya mana ya zame maka sadaka mai gudana. Hajiya Luba, Sabiru, Ummulkhairi da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Mahadi Aliyu Wonaka