Ƙafar Babana a Falon Wani

Akwai wata Juma'a a unguwar Treichville da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da na gani a Abidjan.

Ni mahauci ne ɗan mahauci. A shekarun casa'in ina sayar da nama a unguwar Adjamé, kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci, dattawan fawa sukan taru a ƙofar ɗakina. Ba shayina ke kawo su ba. Kaset ne guda da na zo da shi daga gida, kiɗan kalangu da aka ɗauka a wani wasan mahauta tun babana yana raye. A ciki makaɗi ya kaɗa taken babana, wato kiɗan da in an yi kowa ya san da wa ake. Rediyona ƙarama ce, muryarta siririya kamar ta sauro, amma ita ke tara mini manya, ni kuwa ina ji da kaina.

Sai wani ɗan garinmu ya shiga tsakani. Ni na tarbe shi ranar da ya sauka a Abidjan, a tabarmata ya kwana har ya san gari. Allah ya buɗa masa a harkar shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa, ya kama gidan bene kusa da babban masallacin Treichville, ya jera kayan sauti a falo. A cikinsu akwai wani baƙin akwati da suke kira wufa. Ba ya fitar da magana ko waƙa, aikinsa kawai ƙasan sauti, wato bas, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne.

Tun daga nan majalisata ta fara zubewa. Wannan ya ce hanya ta yi masa nisa, wancan ya ce gwiwa ke damunsa. Gwiwar da ba ta hana shi hawa benen Treichville ba! Ina zaune da butar shayi tana hucewa, kishi yana cina kamar wuta a kara. Duk wanda ya yaba mini wufar sai in ce ai akwatin banza ne, gurnani kawai yake yi kamar bijimin da aka ɗaure. Amma ni ɗin nan sai da na lallaɓa kasuwar Roxy na tsaya gaban masu sayar da irinsa, na shafa, na tambaya, na juyo gida ba ko sallama. Matata ta ce tunda gurnani ne kawai, me ya kai ni?

Shi kuwa ɗan garin namu bai fasa gaishe ni ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Sau da yawa ya roƙe ni in kawo kaset ɗin a saka a wurinsa, ina ce masa sai wani jiƙon. Ƙarshe Sarkin Fawanmu, tsoho ne da ya yi ƙuruciya da babana, ya ce in zo da shi ranar Juma'a. Maganarsa ba a mayar da ita.

Na shiga falon ina neman abin kushewa. Wufar tana can kusurwa a ƙasa, mai gidan ya ce a nan ta fi cika ɗaki. Ya karɓi kaset da hannu biyu, ya ce, "Yaya, zauna nan tsakiya, nan ne bas ɗin ya fi daɗi." Na zauna a bakin ƙofa.

Kalangu ya tashi, na san kowane bugu nasa. Amma da aka zo taken babana, sai wani abu ya fito daga ƙarƙashin kiɗan wanda ban taɓa ji ba. Dum, dum. Shiru kaɗan. Dum, dum. Har tabarmar da nake kai tana amsawa. Na buɗe baki zan ce ga shi nan, akwatinku ya ɓata kiɗa, sai na ga Sarkin Fawa ya ɗaga hannu ya ce:

"Ɗana, ka san mene ne wannan? Ƙafar ubanka ce. In an kaɗa takensa, haka yake dukan ƙasa da diddige sau biyu kafin ya shiga fili."

Ashe a ƙasa aka ajiye rikodar ranar wasan, ta ɗauki takunsa. Shekara da shekaru babana yana rawa a cikin kaset ɗin nan, rediyona ba ta da ƙirjin da za ta fito da shi. Hawaye ya zubo mini, kuma ba zan ɓoye ba, rabinsa na kewa ne, rabinsa na kishi. A ce sai a ɗakin yaron da na shimfiɗa wa tabarma zan ji ubana?

Da aka tashi, mai gidan ya ciro kaset ya miƙo mini. Na san in na kai shi Adjamé, wata ran dattawan za su biyo shi. Na kuma san a can babana ba zai sake taka ƙasa ba. Na daɗe ina juya shi a hannu, sannan na ce ya ajiye, amma kada ya kuskura ya ajiye shi a saman akwatin nan nasa, gurnanin ya lalata mini shi. Ya yi dariya ya ce ya ji, Yaya.

Majalisata ba ta dawo ba. Ni na koma mai tsallaka gada zuwa Treichville duk Juma'a, ina zama baƙo a falon wani, kuma har na bar Abidjan ban daina hararar wufar nan ba. Abin da na koya shi ne, kishi ba lallai ya mutu ba kafin mutum ya yi abin da ya kamata. Nakan shiga da shi a ƙirji, in zauna a tsakiya inda aka nuna mini tun farko, in jira diddigen babana.