Tafireta, Mai Bin Sawun Saƙon Da Ya Dawo

Da safe, in ta idar da sallah ta ɗora ruwan shayi, Tafireta takan yaye ƙyallen da take lulluɓe kwamfutarta da shi, ta kakkaɓe a bakin taga, ta zauna. Teburin ƙarami ne, ƙafarsa ɗaya ba ta kai sauran ba, an tokare ta da murfin kwalba. Tabarau biyu gare ta, ɗaya na karatu, ɗaya na neman na karatun in ya ɓace. Ba saƙon gaisuwa take fara buɗewa ba, ba kuma na ɗaurin aure ba. Waɗanda suka dawo take fara dubawa.

Ga wanda bai san mu ba, tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne mu. Da aka rufe masaƙar kowa ya kama gabansa, wani ya koma gona, wani ya bi ɗansa wani gari, wani ya ƙetare ruwa. Ita ce mai buga takardu a ofis, shi ya sa har yau ba a kiranta da wani suna sai Tafireta, har jikokinta. Ita ta tattaro mu a zauren imel, inda mutum zai rubuta saƙo ɗaya, ya aika wa adireshi ɗaya, ya faɗa akwatin kowa. Tun kanta na baƙi ƙirin take riƙe da zauren nan. Yanzu ido ya fara gajiya, ta ce za ta miƙa wa wani, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tana ji da kunnenta.

Akwai abin mamaki a wasiƙar zamani. Ta da, in ta rasa mai ita ta dawo, za ka ga alamar wahala a jikinta: ta lanƙwashe, ta sha tambari, ga tabon yatsan wani da ba ka sani ba. Ta imel kuwa kafin ka ɗauke hannu ta je ta dawo fes, riƙe da 'yar takardar Turanci da na'ura ta rubuta. Ina ta je? Wace ƙofa ta ƙwanƙwasa? Wa ya leƙo ya ce mata ba ya nan? Mutane da yawa ba sa karanta takardar nan, gogewa suke yi. Tafireta tana karanta ta kamar yadda ake duba fuskar ɗan aike kafin ya buɗe baki.

Ta ce dawowar iri-iri ce. Wani saƙon yakan ce akwatin mutum ya cika. Wannan ba ya tayar mata da hankali, sai ta buga waya ta ce, "Malam, ka yi shara a ɗakinka, baƙi na tsaye a waje." Wani yakan ce a sake gwadawa an jima, hanya ce ta cushe. Akwai lokacin da wani kamfanin imel ya ɗauki saƙonninmu duka a matsayin tarkacen talla, ya dinga watso su baya, mutane rututu suka daina jin ɗuriyar zaure. Ta yi ta rubuta wa kamfanin takardar roƙo, tana bin mutane ta waya tana karanta musu abin da ya wuce su, har aka buɗe hanya. Wanda ya halarci jana'izar mai gadinmu a makon da abin ya faru, ta bakinta ya ji.

Amma akwai iri ɗaya da ke sa ta ajiye kofin shayi, wanda ke cewa babu wannan adireshi. Ita na'urar zaure tana da dokarta: in saƙon mutum ya yi ta dawowa, sai ta cire sunansa da kanta, ba sallama. Tafireta ta kashe wannan dokar tun farko. Da aka tambaye ta dalili, sai ta ce, "Na'ura ba ta yi aiki da shi a masaƙa ba. Ni na yi."

Tafireta, ke ce mai tsaron ƙofar da ba ta da ƙyaure. Ke ce kika ƙi yarda a share mutum don wata takarda ta dawo.

A bara ne saƙon Baban Rini ya dawo da irin wannan amsa. Shi ne shugaban sashen rini a zamanin masaƙa, tsoho mai faɗa, wanda shuɗi ya kama masa gindin farce ya ƙi fita har yau. Tafireta ta sake aikawa, ya sake dawowa. Ta buga lambarsa, wata mata ta ɗauka ta ce ita gas take sayarwa, kuma ta gaji da masu neman tsohon nan. Sai Tafireta ta rubuta a zaure, layi ɗaya: wa ya ji ɗuriyar Baban Rini?

Nan fa abin ya kwaɓe. Mu a zaurenmu mun riga mun saba da wani abu. Mai sito da ya rasu, haka saƙonsa ya fara dawowa. Mai gyaran injin saƙa ma haka. Tsoho in adireshinsa ya mutu, mun ɗauka shi ma ya bi. Wani ya rubuta cewa ya ji an ce ba shi da lafiya. Wani ya ce shi ma ya ji. Kafin la'asar wani ya rubuta Allah ya jiƙansa, ya kuma shiga akwatin kowa. Tafireta ta yi maza ta tare ƙofa, domin mai zaure na iya riƙe saƙo kafin ya isa ga jama'a. Ta'aziyya ta dinga taruwa a hannunta, ba ta saki ko ɗaya ba.

Shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ya kira ta. "Tafireta, ki saki saƙonnin mutane mana. Haƙƙinsa ne a yi masa addu'a."

"Ranka ya daɗe, wa ya ga gawa?"

"To wa ya gan shi da rai?"

"Shi ne abin da zan je in gano. A ba ni lokaci."

Sai dai wancan saƙo ɗaya da ya kuɓuce ya riga ya isa inda bai kamata ba. Direba ya karanta shi. Direba shi ne mai jan babbar motar masaƙa a da, yanzu yana wani gari mai nisa a gidan ɗansa, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Shi da Baban Rini tun suna samari suke zagin juna, da aka buɗe zaure suka dawo da zagin can. Direba yana ce masa Shuɗi, shi kuma yana ce wa Direba Birki. Ɗan Direba ya kira Tafireta murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Inna, Baba ya juya fuska bango. Ya ƙi abinci, ya ƙi maganin hawan jini. Ya ce su biyu suka rage a sa'anninsu, yanzu sai shi kaɗai."

Kada wani ya ɗauka Tafireta ta san wani abu da mu ba mu sani ba. Washegari da ta ɗaura mayafi ta fita neman mota, sai da ta saka carbi a jaka, don in ta tarar da zaman makoki kada ta shiga hannu rabbana.

Ta sauka a tsohuwar unguwarsa. A gidan ta tarar da wata baƙuwar fuska tana wanke-wanke a tsakar gida, ta ce su da suka tare ba su tarar da kowa ba. Tafireta ta fito ta tsaya a bakin titi, ba ta san inda za ta nufa ba. Tela na kusurwa ya ɗago kai daga keke.

"Inna, wa ake nema?"

Ta faɗi sunansa, tela ya girgiza kai. Sai ta ce, "Wani tsoho mai shuɗin farce."

"Au, mai raina ɗinkin mutane? 'Yarsa ta ɗauke shi tuni, wadda ke aikin jinya."

"Da ƙafarsa ya tafi?"

"Da ƙafarsa da bakinsa. Amma an daɗe fa, ban san bayan nan ba."

A nan ta tuna cewa wutsiyar adireshin nasa sunan wani asibiti ce. Ashe tun asali na wurin aikin 'yar ne, ita ke karanta masa tana rubuta masa amsa. Ta shiga wata motar zuwa asibitin. A can aka ce 'yar ta bar aiki ta koma wani ƙaramin asibiti a ƙarshen gari, kuma duk wanda ya tafi ana rufe adireshinsa. Tafireta ta ɗan sami numfashi. Yanzu ta san abin da ya kashe adireshi. Amma mutumin fa?

Rana ta take lokacin da ta isa ƙarshen garin. 'Yar ba ta bakin aiki, sai aka kwatanta mata layin gidansu da hannu. Ta bi layin tana tambayar shuɗin farce, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi. Tana cikin tafiya sai ta ji wata murya ta bayan katanga.

"Ke, wa ya koya miki shanya shuɗi a tsakiyar rana? Juya shi ciki waje, ki kai inuwa. Kuna kashe kaya kuna cewa masu rini ne ba su iya ba."

Tafireta ta dafa katangar. Ta ce sai da ta bari ya ƙare faɗan tas, don daɗin jin sa, sannan ta yi sallama.

Yana zaune a kujerar roba, ya rame kaɗan, rediyo a cinya. Ya dube ta sama da ƙasa, ya kau da kai.

"'Yar tafireta. An aiko ki ki ga ko na yi laushi?"

"Yaya, wane irin laushi?"

"Ai kun kore ni. Don na ce launin yadin da shugaba ya zaɓa na taron shekara ruwan wanki ne. Tun daga makon nan ban sake ganin saƙo ba. Yarinyar nan ta ce za ta buɗe mini sabo, na ce bari, ba na roƙon shiga inda ba a so na. Kuma har gobe ruwan wanki ne."

Ta zauna a dandamalin ƙofa. Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta fara.

"Yaya, mu can mun binne ka."

"Kun me?"

Ta faɗa masa a taƙaice, har da Direba da ya ƙi abinci, sannan ta ciro waya ta kira ɗan Direba, ta ce a kara wa Baba a kunne. Ta buɗe muryar wayar, ta miƙa wa Baban Rini.

"Birki," in ji Baban Rini.

Can wata murya ta fito a dishe. "Wa ke magana?"

"Wanda ka yi wa kuka."

"Shuɗi? Kai ko mutuwar ma ba ka iya ta ba, sai ka ɓata."

"An ce ka daina cin abinci saboda ni. Ashe haka kake so na?"

"Wa ya faɗa maka? Girkin surukata ne ba gishiri."

Suka yi ta yi. Tafireta tana zaune tana murza ƙafa, har ta ji Direba ya juya yana cewa ɗansa, "Kai, ina abincin nan da kuka ɗauke? Ku kawo mini da maganin."

Da 'yar ta dawo daga kasuwa, suka buɗe wa tsohon sabon adireshi a wayarta, wanda ba na wurin aikin kowa ba. Tafireta ta sa shi a zaure, ta aika saƙon gwaji, suka zuba wa waya ido su uku. Bai dawo ba. Baban Rini ya ce lallai sai an karanta masa ta'aziyyar da aka tara, yana so ya ji wa ya yi ƙarya. Ɗaya kawai ta yarda ta karanta masa, ta shugaba, inda ya rubuta cewa marigayin ya san launi fiye da kowa a masaƙa.

"A ajiye mini wannan," in ji shi. "Zan buƙace ta a taro."

Sauran ta goge su a cikin mota a hanyar komawa, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin goge saƙo kamar ranar ba.

Tafireta, ke ce kika tsaya tsakanin tsoho da labarin mutuwarsa, ke ce kika mayar wa wani tsohon da cokali hannu. Ba a ɗauke ki wannan aiki ba, ba mu ma san aiki ba ne sai da kika ce za ki ajiye. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya huce miki gajiyar ƙafa, ya sa ke ma ranar da aka daina jin ɗuriyarki a sami mai ɗaura mayafi ya fito nema.

Ku kuma masu riƙe da zaurukan jama'a, na 'yan makaranta ne ko na dangi ko na abokan sana'a, in saƙo ya dawo muku kada ku yi saurin share suna. Ku karanta abin da ya dawo da shi, ku buga waya, in ta ƙi ku sa takalmi. Wataƙila mutumin yana can bayan wata katanga da ransa, yana fushi da ku, yana jira a zo.