Ranar da Muka Kaɗa Ƙuri'a a Kan Dutse

Shekarar da soja suka koma bariki ina aji biyar a wata sakandare mai zaman kanta a Tarauni. Malaminmu na Fiziks ya je taron bita, ya dawo da sabon salo: wai ya daina tsayuwa gaban allo, mu za mu koyar da junanmu. Aka jujjuya bencina, aka kasa mu rukuni-rukuni, shi kuwa ya koma bakin taga da 'yar rediyonsa yana sauraron rigimar majalisa.

Rukuninmu ya faɗa hannun ɗan wani sabon kansila, maƙwabcinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Da awara ya sayi shugabancin lokacin da aka fita tara.

Rannan aka ajiye mana duwatsu biyu, babba da ƙarami. Tambayar ita ce: in aka sake su tare daga sama, wanne zai riga isa ƙasa?

Akwai wata 'yar Kudu a cikinmu, uwarta nas ce a asibitin koyarwa. Ta ce, "To ga duwatsun nan, mu sake su mu gani mana."

Ɗan kansila ya ce, "Ke, yanzu mulkin farar hula ake yi. Masu cewa babba, hannu sama!"

Hannaye suka tashi, man awara bai ma bushe a yatsunsu ba. Ni da ita kaɗai muka ƙi ɗagawa.

Malam ya leƙo. "Kun cim ma matsaya?"

Ɗan kansila ya ce, "Da gagarumin rinjaye, Malam."

Ya sa aji ya tafa mana. Ko amsar bai tambaya ba, hayaniyar kawai ta ishe shi.

Haushi ya kama yarinyar. Ta haye benci, ta miƙa hannuwanta, ta saki duwatsun. Ƙara ɗaya muka ji, tim! Ɗan kansila ya ce maguɗi ta yi, ta ɗan riƙe babban. Magoya bayansa suka rantse sun gani da idonsu. Malam ya ce ba ya son rarrabuwar kai, ya sa ta sharar aji saboda taka bencin makaranta.

A jarrabawa tambayar ta fito. Masu rinjaye suka rubuta babba, Malam ya soke musu, suka yi dafifi zuwa ofishin shugaban makaranta kai ƙara.

Ƙarshen zango aka gayyato iyaye su ga ajinmu, wai abin koyi ne. Muka zazzauna a da'ira muna surutu, su kuma suna ta gyaɗa kai.