Gonar Irmiya da Auren Kawu Bitrus

Jan biro ne ya fara ɗaukar idona. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a gidanmu na haya a Gumel, aka aike ni ɗakin Kawu Bitrus in ɗauko ashana, sai na tarar da Littafi Mai Tsarki a buɗe kan katifarsa. Gefen shafukan Daniyel duk lambobi ne jajaye, an tara, an ɗebe, an zagaye wata guda. Lokacin na fara satar karanta littattafan soyayyar yayata, don haka zuciyata ta ba ni cewa ranar aurensa da Anti Laraba yake lissafawa. Har murmushi na yi ni kaɗai.

Ashe ranar tashin duniya ce. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana gyaran wutar manyan motoci a Maigatari. Wani direba ya ba shi kaset ɗin wani mai wa'azi da ya ce ya gano lissafin: Almasihu zai dawo kafin a gama girbin shekarar. Kawu ya gaskata. Ya dakatar da ɗakin da yake ginawa, ya ce a jinkirta biki. Anti Laraba kuwa, malamar firamare a Sule Tankarkar, shekara uku tana jiransa. Ta aiko da amsa cewa in damina ta faɗi ba a sa rana ba, za ta nemi canjin wurin aiki ta koma wajen iyayenta a Filato.

Kakarmu Saratu ba ta iya karatu ba. Abin da ta sani na Littafi, a zumuntar matan majami'a ta haddace shi, amma ba ta tsallake komai. Kullum bayan tuwo takan zauna gaban murhu tana soya gyaɗa a kasko, mu kewaye ta. Ran nan Kawu na gefe yana wanke baƙin mai daga hannunsa, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso. Na yau ba na Gizo ba ne, ya faru."

Ta ce sojojin Babila sun kewaye Urushalima, abinci ya ƙare, annabi Irmiya kuma yana tsare, don ya faɗa wa sarki gaskiya cewa birnin zai faɗi. Ana cikin haka sai ga ɗan baffansa ya zo masa da tallan gona. Gonar ma tana can inda dawakin abokan gāba ke tattakawa.

"Ku ce mini, wane mahaukaci ne zai saya?"

Muka ce babu.

"To, Irmiya ya saya. Ya kira shaidu, aka rubuta takarda, ya sa aka ajiye ta a cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Shi da ya fi kowa sanin masifa na tafe. Domin Allah ya ce za a sake sayen gonaki a ƙasar. Waɗanda aka riga aka kwashe zuwa Babila ma, wasiƙa ya aika musu: su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su aurar."

Kawu ya yarfe hannu. "Inna, ai Irmiya Allah ne ya ce masa ya saya."

"Kai kuma wa ya ce maka ka fasa? Allah ko kaset?"

Muka fashe da dariya, mahaifiyata ta harare mu.

"Ke ba ki karanta Daniyel ba, Inna. Lambobi ba sa ƙarya."

"Ban karanta ba, ɗan boko. Amma na ji inda Yesu ya ce ranar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba. Aka ɓoye wa mala'iku, aka faɗa wa mai gyaran wutar mota?" Ta juya gyaɗar, ta sassauta murya. "Bitrus, in ya dawo gobe, ya tarar da kai kana riƙe da alkawarinka. Ɗiyar mutane ka ajiye."

Kawu ya tashi. Ya shige ɗaki, muka ji kaset ya tashi.

A littattafan da nake karantawa, da ya hau babur ya tare motarta a tasha, ya durƙusa. Na yi ta jiran hakan, har na shirya kalaman da zai faɗa. Ruwa ya sauka, bai je ba. Anti Laraba ta biyo ta gidanmu ta yi wa Kaka sallama, suka yi addu'a, ta tafi. Aka girbe gero, aka ɗaure dammuna, watan da mai wa'azin ya ambata ya fito ya mutu, kasuwar Maigatari ta ci kamar kullum. Da Kirsimeti Kawu ya tafi Filato. Ya dawo bayan kwana biyu, an riga an karɓi gaisuwar auren wani.

Na daɗe ina jin haushin labarin Irmiya, ganin bai hana komai ba. Sai da na girma na gane Kaka ba musun dawowar Almasihu take yi ba. Ta fi mu duka sa zuciya gare ta. Abin da ta ƙi shi ne a tsinke aya daga jikin labarinta, a mai da annabci jadawali. A wurinta jira aiki ne, kuma wanda ya yarda da alkawarin Allah shi ya fi cancanta ya cika nasa.

Kawu bai yi aure ba sai da furfura ta fito masa. Yanzu shi ke koyar da nazarin Littafi a wata ƙaramar majami'a a Maigatari. Bara na ziyarce shi, wani saurayi ya kawo masa waya ɗauke da sabon mai wa'azi da sabuwar rana. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya sa shi ya karanta surar da aka tsinko ayar tun daga farko. Sannan ya tambaye shi, "Akwai wadda ke jiranka?"

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce akwai.

Kawu ya miƙa masa wayarsa. "Tashi ka je yau."