Ruwan Barkonon Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi rabin rayuwarta a ɗakin wanki na wani asibiti. Zanen gado, rigunan ma'aikata, labule, duk ta hannunta suke bi. Ɗakin a can baya yake, kullum cikin tururi da ƙamshin sabulu. Har yau in ka ba ta riga ta riƙe maka, kafin ka juyo ta ninke ta ba tare da ta sani ba. Girki kuwa bai taɓa zama fanninta ba. Ita da bakinta takan ce abincinta ana cinsa ne don kada yunwa ta yi kisa. Shi ya sa duk wanda ya san ta a da, in aka ce masa yanzu layi ake yi a tagarta saboda fikafikan kaza, sai ya yi dariya ya ce ba dai wannan Gwaggon ba.

Mijinta mai gyaran agogo ne, Baba Mai Agogo muke ce masa. Siriri ne, mai magana ƙasa-ƙasa, yana da ɗan shago kamar akwati a bakin titi. Shekarar da Gwaggo ta ajiye aiki, zazzaɓi ya kwantar da shi ya daɗe. Ya tashi daga baya, amma bakinsa bai dawo ba. Duk abin da aka sa masa a gaba sai ya ce kamar takarda yake taunawa. Ya rame har agogon hannunsa yana zamewa ya gangaro tafin hannu. Gwaggo ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ta roƙi maƙwabta da suka fi ta iya girki, duk a banza. Zai ɗauki cokali don kada ranta ya ɓaci, ya ajiye.

Mahaifina direban babbar mota ne, kuma ko da furfura ta cika masa gemu, Auta take kiransa. Wata rana ya dawo daga doguwar tafiya ya biyo duba mara lafiya, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu. Ruwan barkono ne ja wur a ciki. Takardar jikin kwalbar ta sha man inji, ba a iya karanta komai.

"Yaya, ki gwada masa wannan," in ji shi. "A wani gidan abinci na bakin hanya na ga suna zuba wa fikafikan kaza. Na ci har da hawaye, amma hannuna ya ƙi tsayawa."

"Auta, kana da hankali kuwa? Mutumin da shayi ma ya gagara, shi zan ba wuta?"

Duk da haka washegari ta je wurin mai kaji. Kowa cinya da ƙirji yake nema, fikafikai na jibge a gefe. Ta sayo kaɗan ta soya, ta ɗiga musu ruwan barkonon a tsorace. Baba ya ɗauki guda ya gatsa. Ya yi atishawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya tsotse ƙashin tas, sannan ya ɗago kai ya ce, "Akwai saura?"

Gwaggo ta koma kicin da sauri ta juyo masa sauran.

Kwalbar ba ta da girma, ba a jima ba ta ƙare. Mahaifina kuma an canza masa hanya, bai sake bi ta wurin ba. Gwaggo ta saka kwalbar da babu komai a jaka ta shiga kantuna. A babban kanti ta tarar da jajayen kwalabe jere reras, ta riƙa sayowa ɗaya bayan ɗaya. Wani zaƙi ne kamar na yara, wani gishiri zalla, wani zafi ne kawai ba ɗanɗano. Baba zai lasa ya ce, "An gode," ita kuwa ta san me wannan godiyar take nufi.

A ƙarshe wata dattijuwa mai sayar da kayan miya a kasuwa ta karɓi kwalbar, ta buɗe ta shinshina.

"Baiwar Allah, wannan ba dafa shi aka yi ba, tsima shi aka yi. Ba ki ji ɗan tsami ba? Ki yanka barkono ki zuba gishiri, ki rufe ki bar shi ya yi hankali da kansa."

Gwaggo ba ta yarda nan take ba. Sai da ta fara gwada dafawa, a kicin ɗinta mai taga ɗaya. Tururin attarugu ya bi matakala ya shiga ɗakunan maƙwabtan sama, gidan gaba ɗaya ya fito titi ana tari, har da mai jego da jaririnta. Ta bi su ɗaki-ɗaki tana ba da haƙuri. Daga nan ta koma maganar dattijuwar. Ta cika kwalba babba da yankakken barkono da gishiri, ta murɗe murfin iya ƙarfinta, ta ɗora a kan kabad. Bayan 'yan kwanaki suna zaune da rana suka ji tau! Murfi ya yi sama, silin ya koma ja, har labulen da ta goge da hannunta bai tsira ba.

Baba ya daɗe yana juya murfin a hannunsa. "Numfashi yake yi," in ji shi. "Kin toshe masa hanci."

Ya aika aka ɗauko masa akwatin kayan aikinsa, wanda bai taɓa ba tun da ya kwanta. Ya huda murfin da siririn tsinken da yake gyaran agogo da shi, ya liƙa ɗan yankin roba a kai, yadda iska za ta fita amma ba za ta shiga ba. Kwalbar da ta biyo baya ba ta fashe ba.

Sannu a hankali Gwaggo ta gano hanyarta. Jan attarugu don zafi, tattasai don kauri, tafarnuwa, gishiri daidai. Takan ajiye a wuri mai duhu da sanyi har kumfa ta daina tasowa, warin ɗanye ya juye ya zama ƙamshi. Sai ta markaɗa, ta tace, ta ƙara ɗan ruwan khal, wato binega. In za a ci, ta narka bota ta kaɗa ruwan barkonon a ciki da ɗigon zuma. Fikafikan kuma takan tsane su da tawul mai tsabta har su bushe ƙarau, ta soya, ta kwashe su huta, ta sake mayar da su cikin mai don fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Da zafinsu take juye su a kwano ta girgiza har kowanne ya sha ja. Kafin tsofaffin abokan aikinta su kawo mata safar hannu, ta sha zama da yatsu cikin madara saboda raɗaɗi.

Ranar da mahaifina ya zo ya ɗanɗana, ta tsaya a kansa tana jira.

"Gaskiya, Yaya, ba shi ba ne," ya ce. "Wancan ya fi tsami. Wannan kuma sai ka haɗiye yake kama ka."

Fuskarta ta ɗan sauya. Baba, da bakinsa cike, ya ce, "Ni na ma manta wancan. Auta, in ba ka so turo min kwanon." Mahaifina bai tura ba.

Da Baba ya koma shago, takan ƙulla masa nasa ya tafi da shi. Mai faci da mai gyaran waya da suke maƙwabtaka da shi suka ji ƙamshi, suka fara sa hannu, har ya zama shi mai abincin ƙashi yake tararwa. Su suka matsa mata ta riƙa yin na sayarwa. Ba ta kama shago ba, tagar ɗakin gaba da ke kallon titi ta buɗe, wani kafinta ya kafa mata katako, shi ke nan. Daga baya likita ya ce Baba ya rage barkono saboda cikinsa, sai ta ƙirƙiro mai sauƙi, tattasai ya fi yawa a ciki. Masu saye suka sa masa suna "na Baba", kuma duk mai tsoron zafi shi yake nema. Baban da kansa kuwa, in ta juya baya, mai zafin yake dangwala.

Gwaggo ba ta ɓoye yadda take yi. Duk wanda ya tambaya za ta zayyana masa daga farko har ƙarshe, layi na jira. Bara wata matashiya da mijinta ya rasa aiki ta zo ta tambaya, ta saurara da kyau, ba a daɗe ba sai ga ta ta kafa tebur a tsallaken titi, tana sayar da fikafikai da jan ruwan barkono. Masu saye suka riƙa kawo wa Gwaggo gulma, ni ma na ce mata abin bai yi min daɗi ba.

Ta yafa gyale ta tsallaka titi, ta sayi guda ta ci a tsaye. Matar ta rasa inda za ta sa idonta.

"'Yata, gishirinki ya yi yawa, kuma kin yi gaggawar buɗe kwalbar," in ji Gwaggo. "Wa yake sayo miki attarugu?"

"Ni ce, Mama."

"To, gobe ki biyo min mu tafi tare. Ƙafata ta fara ciwo, ke ki ɗauki buhun, ni in zaɓa."

Haka suke yi har yanzu. Ranar da na je gaishe ta a makon jiya ban same ta a taga ba. Tana tsallaken titi a kan benci, ta goya ɗan matar, tana yi mata faɗa a kan ta cika wa mai wuta.