Ranar da na ƙi fita daga motar Japan

Abubuwa da yawa sun wuce ni a gidan aure, wasu ma sai an tuna mini, amma ranar da na shiga motar maigidana da ɗana a cinya na danne makulli, maza cike da ƙofar gida suna kallona, wannan kam ba za ta bar raina ba har in koma ga Ubangijina. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ba nadama ce ta sa nake ba da labarin ba.

Lokacin muna Samaru, a gidan su maigidan, mu a sashen baya, mahaifiyarsa da muke kira Inna a ɗakin gaba. Shi yana da shagon shadda da yadi a PZ, can Sabon Gari. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shiga hannun mutane, kasuwa kuma ta buɗe masa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, ga ni da fargaba, ko ƙofa ta buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Abin da Allah Ya ba ni kawai shi ne ido. Ba na magana, amma ina gani.

Ɗanmu na fari da sikila aka haife shi. Wadda ba ta taɓa riƙe yaro ciwon ya tashi masa ba, ba za ta gane ba. Ƙashinsa ne ke ciwo, ko yatsa kika ɗora masa sai ya ƙwalla ƙara. Ga shi ɗan fari, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari: ba ki ɗaukarsa a gaban surukai, ba ki kiran sunansa, ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta. Nawa ma abin ya ninka, don sunan marigayi mijin Inna aka sa masa. "Yaron nan" nake ce masa. Yana kuka a ɗakin Inna, ni ina tsakar gida ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Kafin mu yi mota, na taɓa kai shi asibiti a acaɓa ana yayyafi. Duk ramin da babur ya faɗa sai na ji shi a jikin yaron. Shi ya sa da maigidan ya sayo wata babbar motar Japan, 'yar Kwatano, launin toka mai kujerun fata, ni ban ɗauke ta kayan ado ba. Motar nan ba ta taɓa ba mu kunya ba. A murɗa makulli, ta tashi. Hidimarta juyen baƙin mai ne, sai taya, sai birki jefi-jefi. Kowane bakanike daga Samaru zuwa Kwangila ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ga su nan a Sabon Gari kamar tumatir. Bargon yaron da ɗan matashinsa a kujerar baya suke kwana.

Sai abokansa na kasuwa suka sa shi gaba. Wai mai shago irin nasa bai kamata a gan shi a motar Japan ba, wai komai girmanta motar ma'aikata ce, babban mutum ta Jamus yake hawa. Ba a jima ba wani dillalin motoci ya kawo masa wata ta Jamus baƙa wuluk, ya ce ya ɗana ta 'yan kwanaki. Idan ta yi masa, sai a yi musaya: ya ba da ta Japan, ya yi ciko.

Ba zan yi wa motar Jamus ƙarya ba, na shige ta. In an rufe ƙofa sai ki ji duniya ta yi shiru. Ramukan hanyar Sabon Gari da na haddace, ko ɗaya ban ji ba, yaron ma barci ya yi. Da mota daɗin zama kaɗai ce, da ni zan fara roƙo a saye ta.

Amma akwai maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga babban ofis, irinta ce da shi. Tun damina ta sauka take ƙarƙashin tamfol, har kaza ta yi kwanci a gindin tayarta. Matarsa ce ke yi mini kitso, ita ta ba ni labari. Ta ce, "Ƙanwata, ba kullum take lalacewa ba, amma ran da ta yi fushi, kowa a gidan sai ya ji a tukunya. Bakaniken nan na gari ba ya taɓa ta, sai an ɗauko bakanike mai kwamfuta daga Kaduna. Shi kuma ya ce kayan sai Legas. Legas su ce sai jirgi ya iso. Mai kuwa kamar da bokiti take sha." Daga ranar na fara lura da garejin da muke wucewa. Na Japan a shiga da su da safe, a fito da yamma. Na Jamus kuwa ga su nan a kan duwatsu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Ita ma wadda aka kawo mana, ina shara da safe na ga ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, kuma akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kunne a gaban direba. Da maigidan ya tambayi dillali, cewa ya yi, "Alhaji, ai gaisuwa ce take yi maka. Motar Jamus magana take yi da mai ita."

Na sami maigidan a ɗaki na faɗa masa duk abin da na gani. Dariya ya yi. "Ke me kika sani a mota? Ko ta Jamus ɗin ba ta san hanyar asibiti ba ce?" Na je wa Inna, ta ce harkar maza ce, in kama kaina.

Wata Asabar da hantsi dillalin ya zo, abokan maigidan suka cika benci a ƙofar gida. An wanke ta Japan tas. Ina tsakar gida sai ga maigidan ya shigo da bargon yaron da matashinsa, ya ajiye a kan turmi ya juya, ko kallona bai yi ba. Na tsaya ina kallon bargon nan. Babana dillancin shanu ya yi, tun ina yarinya na san ko an yi ciniki an gama, muddin mai kaya bai ce "na sallama" ba, kaya nasa ne. Na laɓe a zaure na kasa kunne. Suna ta ja a kan ciko. Bai sallama ba.

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. Na shiga ɗakin Inna, yaron na kwance a tabarmarta, na sunkuya na ɗauke shi a gaban idonta, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na ratsa zaure, na ratsa maza, ban gaishe da kowa ba. Makulli na jikin ta Japan ɗin don dillali ya gama gwada ta. Na shiga baya, na miƙa hannu na danna abin da ke kulle ƙofofin gaba ɗaya, na sauke gilashi kaɗan don iska.

Maigidan ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. "Ke! Lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Buɗe ki fito."

"Ba zan fito ba."

Dillali ya matso yana murmushi. "Haba Hajiya, ai ci gaba aka samu. Waccan in kika shiga, matan unguwa sai sun rasa barci."

Na ce, "Malam, ni na riga na rasa nawa. In ta kwanta tana jiran kaya daga Legas, kai za ka zo ka goya mini shi zuwa asibiti?"

Wani daga benci ya ce, "Tabɗi! Da a gidana ne, da yau ta kwana gidan ubanta." Wani ya ce masa, "Kai da ko keke sai ka tambayi taka, yi mana shiru." Aka ɗan yi dariya, amma maigidan bai yi ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na san na tozarta shi a gaban abokansa, kuma wallahi ina jin tsoro. Sai dai hannuna bai je kan ƙofa ba.

Can sai ga Inna ta fito da carbinta, ita da ba ta leƙa ƙofar gida in akwai maza. Ta tsaya jikin gilashi ta ce, "Ke 'yar nan, ɗan fari kika rungume a bainar jama'a? Ina kunyarki ta tafi?"

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Kunyar nan na yi ta. Yana ihu ina wanke kwano. Ana neman jijiyarsa a sa masa ruwa, ni ina bayan ƙofa kamar ba ni na haife shi ba. Yau na gaji." Sai na kira sunansa. Sunansa na yanka, sunan mijinta, da ƙarfi, kowa na ji. Na ce, "Wane ɗana ne. Su suna zaɓen motar da za a gan su a ciki, ni wadda za ta tashi nake nema masa."

Yaron ya ɗago ya kalle ni, don bai taɓa jin sunan a bakina ba.

Maigidan ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya koma gatse. Ya ce, "To na ji. In na bar ta na sayi waccan, ni ina PZ, wa zai tuƙa miki? Ke?"

Maza suka kwashe da dariya. Na jira suka gama, na ce, "Ni."

Inna ta juya ta kalli ɗanta. "Ka sallama?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban sallama ba, Inna."

"To kada ka sallama." Ta juya ta shige gida. Dillali ya tafi yana ƙunƙuni, wai tun da yake sana'a mace ba ta taɓa cinye masa la'ada ba sai yau.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Maigidan ya sayi ta Jamus ɗin duk da haka, don kada a ce mace ta juya shi, kuma shagon ya ji a jikinsa. Ya daɗe ba ya cin abincina, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Makullin ta Japan kuwa a faifai ya jefa mini, ya ce, "Ga motarki, direba." A unguwa aka sa mini suna, mata su gan ni su taɓa juna. Har gida aka kai wa babana ƙara.

Ni kuwa na ɗauki makullin. Akwai wata malamar makaranta a layinmu, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, tana tuƙa 'yar motarta zuwa aiki. Na je na durƙusa mata. Ta ce, "Maman yaro, tashi, ai ba aikin malamai ba ne, ƙafa ce da ido." A filin ƙwallon wata firamare ta koya mini da yamma-yamma. Allah Ya taimake ni motar mai canja giya da kanta ce. Na tsorata awaki, na goge wata bishiyar darbejiya, na yi kuka a kan sitiyari, amma na koya.

Ta Jamus ta yi wa maigidan kyau na wani lokaci, ya sha gaisuwa a PZ. Daga baya 'yar fitilar nan ta kira 'yan'uwanta, motar ta kwanta a wani gareji a Dogarawa. Yana Kaduna neman mai kwamfuta ranar da ciwon yaron ya tashi, bayan azahar, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fito da makulli. Kafin in buɗe ƙofa, sai ga Inna da yaron a kafaɗa, ta shige baya. Na murɗa, ta tashi. Ina tafe a hankali kamar yadda aka koya mini, gilashi duk ruwa, sai na ji muryar Inna daga baya: "Taka, 'yar nan! Taka mana, ba kai amarya za mu ba!" Na taka. Muka isa, aka karɓe shi, aka ƙara masa jini.

Da maigidan ya iso asibiti da yamma a motar haya, ya tsaya bakin gado ya daɗe. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wa ya kawo ku?" Inna ta ce, "Uwarsa."

Yaron nan yau ya zama mutum, yana fama da ciwonsa amma yana tsaye da ƙafafunsa. Abin da na koya shi ne, kunya abu ne mai kyau, ni ma ina koya wa 'ya'yana mata, amma akwai inda take ƙarewa, kuma ba wanda zai zo ya nuna miki wurin. Ke da ke riƙe da yaron ke za ki gane. In kin ga abu da idonki, kin tabbata, kada ki bari ƙarancin karatu ko yawan maza a benci ya sa ki haɗiye shi. Faɗe shi ko muryarki na rawa. Tsoro bai taɓa barina ba har yau, na dai daina neman izininsa.