Madugun Sanaiya Zai Koma Bakin Tafki

Da an sallame sallar asuba a masallacin da ke bayan gidajen ma'aikata a Sanaiya, Baba Sadick ba ya komawa ɗaki. Yakan nufi wurin ajiye motoci, ya zagaye doguwar farar bas ɗinsa yana duba tayoyi, ya goge gilashi, ya tayar da inji ya bar shi ya ɗuma. Kafin gari ya gama wayewa, leburori da masu walda da masu haɗa wuta sun cika kujeru, kowa da hular kwano a cinya, barci bai gama sakin idonsa ba. Ya kai su wurin gini a Al Rayyan, da yamma ya kwaso su. Haka yake yi tun zuwansa Doha daga Zangon Kumasi, yau shekara wajen ashirin. A wurin kamfani shi direba ne kawai. Mu kuwa da muka san shi a ranakun Juma'a, Madugu muke ce masa, kuma ƙarshen watan nan Madugu zai ajiye makulli ya koma gida.

Asalin sunan daga ƙuruciyarsa ne. Mahaifiyarsa tana sana'ar suyar kifi a Abono, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Bosumtwi, wanda tsaunuka suka yi wa zobe. Can ya tashi, yana bin ƴan siraran hanyoyin da ke ratsa gonakin koko daga ƙauye zuwa ƙauye. Da ya zama saurayi, shi ake nema idan baƙi sun zo yawon tsaunuka. Ya san inda ƙasa ke santsi bayan ruwan sama, ya san inda ya kamata a tsaya a sha iska tun kafin mutum ya ce ya gaji.

Sai ga mai irin wannan ƙafa ya faɗo ƙasar da take shimfiɗe kamar tabarma. Ya ce shekararsa ta farko ji yake kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Abin da ya fi damunsa shi ne ranar hutu, yadda zai ga ƙarti majiya ƙarfi a kwance kan gadaje masu hawa biyu, kowa ya juya wa bango fuska da waya a hannu, har rana ta faɗi ba wanda ya ce wa wani uffan. Ya yi ta sintiri ofishin manaja har aka yarje masa ya riƙa ɗaukar bas da safiyar Juma'a a watannin sanyi. Da ƴan ɗakinsa ya fara. Wani makon ya kai su lambun Aspire su zagaya tafkin da aka haƙa, su hau ɗan tudun da ke gefe. Wani makon Al Thakhira, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Idan sanyi ya kankama sai Zekreet, can yamma, inda iska ta sassaƙa fararen duwatsu. Ƙa'idarsa ɗaya, a dawo da wuri, Musulmi su samu Juma'a, Kirista su samu sujada. A hanya kuwa bakinsa ba ya rabuwa da labarin Bosumtwi, cikin Hausarsa ta Zango, har samari suna tsokanarsa wai kullum tafkin nan ƙara faɗi yake yi.

Da a ce iyakar aikinsa ke nan, da ya isa a gode masa. Amma akwai maganar Elnathan.

Elnathan mutumin Pankshin ne, mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, yana da mata da yara a gida. Wata rana yana kan aiki hawan jini ya kayar da shi. Da aka sallame shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi, ƙafar sai ya ja ta. Likita ya ce za ta iya dawowa idan ya dage da takawa. Kamfani ya ba shi lokaci, amma kowa ya san idan lokacin ya cika bai miƙe ba, jirgi za a sa shi. Elnathan ya shiga ɗaki ya kwanta, ya daina zuwa gashin ƙashi, ya daina ɗaga wayar matarsa. Sista Phoebe, ma'aikaciyar jinya da suke coci ɗaya da Elnathan, ita ta kira Baba Sadick. Ta gaya masa cewa ƙafar ba ita ke ba ta tsoro ba, zuciyar mutumin ce ta mutu, kuma ita ba ta da ikon shiga gidan maza.

Da yammar ranar, bayan ya sauke ma'aikata, Baba ya je. Waɗanda ke ɗakin sun ce bai yi wa'azi ba, bai ma tambayi jiki ba. Zama ya yi a bakin gado ya shiga tambayar duwatsun Pankshin, ko gaskiya ne suna hawa kan juna kamar an jera su da hannu. Elnathan bai juyo ba, ya ce don Allah a ƙyale shi, tasa ta riga ta ƙare.

"Ɗana, ni ba dubiya na zo ba," in ji Baba. "Baƙo ne ni a ɗakin nan, kuma a garinmu mai ɗaki yana raka baƙo bakin ƙofa. Yalla, tashi ka raka ni."

Kunya ce ta tayar da Elnathan, kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya, don bai iya barin mai furfura yana tsaye yana jiransa ba. Ya dafa kafaɗar Baba, suka kai ƙofa suka dawo, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

Washegari Baba ya dawo, jibi ma haka. Daga ƙofa suka kai ƙarshen baranda, daga baranda suka kai kantin da ke bakin titi. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Wata rana ƙafar ta harɗe, Elnathan ya zube a gaban jama'a, ya fashe da kuka, ya gaya wa Baba maganganun da bai kamata a gaya wa babba ba. Baba bai ɗaga shi ba, ya kuma hana kowa taɓa shi. Sai ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da shi, kan kwalta, suna kallon manyan motoci suna wucewa, har Elnathan ya share fuska ya miƙo hannu da kansa.

Kafin sanyin shekarar ya wuce, Elnathan ya shiga bas zuwa Zekreet. Sista Phoebe na nan, ita ta ba ni labarin. Akwai wani ɗan tudun farin dutse da ake hawa a hango teku. Baba ya riƙe shi har tsakiyar hawan, sannan ya zare hannunsa a hankali ya koma bayansa. Elnathan ya ƙarasa shi kaɗai, yana haki, ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa. Da ya juyo sai ya ce, "Baba, a Pankshin wannan ai suri ne." Aka kwashe da dariya, wasu suna goge ido. Daga nan ya ciro waya ya kira matarsa. Yau yana nan a bakin aikinsa, an mayar da shi gyara a cikin shago, yaransa suna makaranta.

Baba Sadick, kai ne ka ɗauki ranar hutunka ɗaya tilo ka raba wa mutane. Kai ne ba ka taɓa tambayar mutum masallaci yake zuwa ko coci kafin ka buɗe masa ƙofar mota ba. Madugu uban tafiya, mutanen da ka fitar daga ɗaki suna da yawa, kuma da dama cikinsu ba su san halin da suke shirin faɗawa ba sai da suka fita.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shekarun zama a kujerar direba sun cinye gwiwoyin Baba. A fitarmu ta Juma'ar da ta wuce, na ga yana dafa gefen mota kafin ya sauko. Sista Phoebe ba ta ɓoye masa ba, ta ce hawan tsaunukan da yake ta buri zai yi masa wuya yanzu. Sai Baba ya ce ƴarsa Basiratu ta aiko masa cewa tsohuwar hanyar da ke bayan Abono ciyawa ta rufe ta, samarin yanzu ba su ma san tana nan ba. A ƙarshen hanyar, in ji shi, akwai wani fili a can sama inda ake ganin tafkin gaba ɗaya.

"In gwiwa ta ƙi, khalas, shi ke nan, sai in zauna a gindin dutse," ya ce. "Samarin su riƙe adda, ni in riƙa nuna musu."

Tafiyar Juma'a ba za ta tsaya ba. Wani direba mai suna Rafiu ya karɓi tuƙi, Elnathan kuma zai shiga gaba a matsayin madugu. Amma mu da muka rage a Sanaiya da Al Rayyan da Souq Waqif, kada mu bar musu aikin su kaɗai. Kowannenmu ya san wani da ya daina fitowa, wanda aka daina jin dariyarsa. A je a same shi tun da sauran lokaci, ko da iyakar abin da za a yi shi ne a taka tare zuwa bakin titi.

Mun gode, Baba Sadick. Allah ya saka maka da alheri, ya kai ka gida lafiya, ya sa ka tarar da iyali lafiya. Allah kuma ya ara wa gwiwoyin nan ƙarfi, ko da sau ɗaya ne, su kai ka filin can sama.